Yadda Za Ka Ziyarci Kufan Gede da Mashigin Mida a Yini Guda

Tun da na ambaci kufan Gede a wani rubutu, masu shirin zuwa Mombasa ko Malindi a ƙasar Kenya suke ta aiko da tambaya iri ɗaya: shin ana iya zuwa a dawo a rana guda, kuma da me ake farawa? Ana iyawa. Gede tsohon garin Sawahilawa ne na dutse wanda daji ya haɗiye, Mida kuwa mashigin teku ne mai shiru da ke kusa da shi, inda tsuntsaye suka fi mutane yawa. Abin da zan roƙe ka tun yanzu shi ne ka bar ruwan teku ya tsara maka ranar, domin shi ba ya jiran kowa. Ga yadda ake yi daki-daki.

1. Duba ruwa kafin ka zaɓi rana

Yawancin mutane da mota suke farawa, sai daga baya su tuna da teku. Juya abin. A gaɓar Kenya teku na cika sau biyu ta janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. A Mida wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ruwa ya janye, abin da za ka tarar shi ne filin laka da yashi iya ganinka, tsuntsayen kuma suna can nesa kamar ƙwayar gero. In ruwa na shigowa, shi yake koro su zuwa gabanka.

Ka nemi jadawalin cikar teku na Malindi ko Kilifi a intanet, ko ka tambayi masu masaukinka. Da Sawahilanci cikar ruwa ita ce *maji kujaa*, janyewarsa kuma *maji kupwa*. Kana son ranar da cikar za ta faɗo tsakanin ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma, don ka ba Gede safiya.

Wanda ya saba lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan. Ruwa ya fi cika sosai a kwanakin da wata ya cika, wato 13 zuwa 15, da kuma ƙarshen wata zuwa tsayuwar sabo, kuma a wannan gaɓar cikar waɗannan kwanaki wajen la'asar take zuwa. Kwanakin 7 da 8, da 22 da 23, ruwan rago ne, ba ya hawowa sosai. In ba ka da zaɓi sai irin waɗannan ranaku, juya tsarin: Mida da hantsi, Gede da yamma.

Gargaɗi: ruwan cikin mashigin yana ɗan makara a kan na bakin teku, saboda sai ya kutsa ta ƙaramar ƙofa kafin ya bazu. Kada ka ga lokacin da jadawali ya faɗa ya yi ka ce an yaudare ka.

Batun watanni kuma: manyan ruwan sama daga Afrilu zuwa Yuni suke, ƙananan kuma wajen Oktoba zuwa Disamba. Tsuntsaye masu ƙaura daga arewacin duniya sun fi yawa daga Oktoba zuwa Maris. Disamba zuwa Maris teku a kwance take, amma zafi ba ya wasa.

2. Yanke shawarar inda za ka taso, da abin hawa

Daga Malindi, Gede kimanin kilomita 16 ce kudu, tafiyar da ba ta kai rabin awa. Daga Watamu kuwa, ƙaramin garin bakin teku da ke kusa, kusan ƙofar gida ce, kilomita 6 zuwa 7. Mai kwana a ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba shi da matsala.

Mai tasowa daga Mombasa shi ne zai yi lissafi. Tazarar kusan kilomita 100 ce arewa, ta gadar Nyali, ka bi Mtwapa, ka haye gadar Kilifi. Ka ware awa biyu zuwa biyu da rabi, kuma cunkoson Mtwapa ne ke cinye lokacin in ka makara. Ka bar masauki ƙarfe 6 na safe. In kana kudancin Mombasa, wajen Diyani, akwai jirgin fito na Likoni a gabanka in ta cikin gari za ka bi. Ni dai ba zan ba ka shawarar yin wannan tafiya a yini guda daga can ba.

Abin hawa iri biyu ne. Na farko *matatu*, ƙananan motocin haya masu cin mutum 14. Na Malindi suna lodi a tashar Buxton cikin Mombasa. Ita ce mafi arha, amma sai ta cika take tashi, kuma tana tsaye-tsaye. Ka gaya wa kwandasta tun kafin ka zauna cewa a Gede za ka sauka, ka kuma ji kuɗin daga bakinsa kafin mota ta motsa. Daga mararrabar Gede, inda hanyar Watamu ta rabu, kufan yana kusa. Babur da suke kira *boda boda* ko keke mai ƙafa uku, *tuktuk*, zai kai ka cikin 'yan mintuna.

Na biyu shatar mota da direba na yini. Ita ce kashi mafi tsoka a kuɗin tafiyar, amma in kun kai ku uku ko huɗu, ko akwai yara da tsofaffi, ta fi. Ku yi ciniki a kan yini ɗungurungum, ku ambaci wuraren da suna: Gede, Watamu, Mida, da dawowa. Ku fayyace ko kuɗin man mota yana ciki, da kuɗin jira.

Gargaɗi mai muhimmanci: agogon Sawahilawa daga fitowar rana yake fara ƙirga. *Saa moja asubuhi*, wato awa ɗaya na safe, ƙarfe 7 ke nan. *Saa kumi na mbili* shi ne ƙarfe 6. Tazarar awa shida ce cif. Ni kaina ta taɓa ci da ni: direba ya ce zai zo "saa mbili", na ɗauka biyun rana yake nufi na shiga wanka hankali kwance, ashe takwas na safe ne, mutumin yana ƙofa yana ta danna oda. Ka rubuta masa lokacin da lambobi a saƙon waya, ya amsa, sannan ka kwanta.

3. Haɗa jaka da daddare

Ruwan sha, aƙalla lita biyu ga kowane mutum, a gorar da ake sake cikawa. Kenya ta haramta ledar zuba kaya tun 2017, kuma tun Yunin 2020 an hana shiga gandun daji, bakin teku da wuraren da ake karewa da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Kada ka ɗauko wa kanka magana a ƙofa.

Takalmi kala biyu: rufaffe na yawo cikin kufai, saboda dutsen murjani yana da kaifi kuma saiwoyi sun cika ƙasa, da silifas ko takalmin roba da ba ka jin tausayinsa na laka. Hula, man kariya daga rana, da maganin shafawa na sauro, domin gaɓar Kenya yankin zazzaɓin cizon sauro ne kuma Gede daji ne mai duhuwa. Fasfo ko katin shaida, saboda da shi ake tantance kuɗin shigarka. In kana da tabaron hangen nesa ɗauko shi. A Mida shi ne rabin jin daɗin. Ƙaramar darduma, da batirin cajin waya.

4. Shirya hanyar biyan kuɗi

Nan ne baƙi suka fi ɓata lokaci. Gede tana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Kenya, kuma biyan kuɗin wuraren gwamnati ya koma ta shafin intanet na gwamnati mai suna eCitizen. Farashin hawa-hawa ne: na ɗan ƙasa daban, na mazaunin Gabashin Afirka daban, na baƙo daga waje daban, yara kuma ƙasa da manya. Ka buɗe shafin tun a masauki inda intanet ke da ƙarfi, ka ga kuɗin ajinka, in ya yiwu ka biya ka ɗauki hoton rasit. Tsayuwa a bakin ƙofa kana jiran shafi ya buɗe, rana na dukanka, ba abin so ba ne.

Hanya mafi sauƙi a Kenya ita ce M-Pesa, biyan kuɗi ta waya, wadda ke buƙatar layin kamfanin Safaricom da aka yi wa rajista da fasfonka. Da ita za ka biya mai babur, mai abinci, har mai kwalekwale. Duk da haka ka riƙe tsabar shilin, ƙananan takardu na 50, 100 da 200. Takardar 1,000 a hannun mai *tuktuk* da sassafe rigimar canji ce kawai.

Abubuwan da za ka biya a ranar: mota, shiga Gede, ɗan jagora a Gede wanda kuɗinsa daban yake da na ƙofa, gidan malam-buɗe-littafi in ka shiga, abincin rana, shiga gadar katako ta Mida da ɗan jagoranta, da kwalekwale in ka hau. Na ƙofa a ƙayyade suke. Na ɗan jagora da kwalekwale ciniki ne, kuma a yi shi kafin a taka ƙafa.

5. Gede da safe: bi wannan jeri

Ka yi ƙoƙarin kasancewa a ƙofa wajen ƙarfe 8 zuwa 8:30, kafin motocin masu yawon buɗe ido da na 'yan makaranta su iso. Awa biyu zuwa biyu da rabi sun isa.

Ɗauki ɗan jagora. Na san akwai masu ganin ɓarnar kuɗi ce, amma ba tare da shi ba bango za ka yi ta gani kawai. Ka gaya masa tsawon lokacin da kake da shi, kuma ka ce kana son fita daga tsakiyar gari zuwa ganuwa, in ba haka ba zai zaga da kai wurare uku ya maido ka.

Fara da kabari mai kwanan wata, kusa da mashiga. An zana shekarar 802 bayan Hijira a jikinsa, daidai da 1399, kuma da ita masu bincike suka auna shekarun gine-ginen da ke kewaye. Rubutun ya dushe, sai ka matso ka karkata kai hasken safiya ya bugi filastar a gicciye kafin ka gane lambobin. Kusa da shi akwai kabari mai dogon ginshiƙi, irin na manyan Sawahilawa.

Daga nan sai Babban Masallaci. Tsaya a nan, kada ka yi sauri. Mihirabin yana bangon arewa, saboda daga gaɓar Kenya alƙibla arewa take. Ka riƙe wannan don sallarka ta ranar, musamman in jikinka ya saba juyawa gabas. A gefensa ga mumbari na dutse mai matakala uku. A waje ga rijiya da kwatamin alwala, da hanyar da ruwa ke bi daga wannan zuwa wancan. Ramukan da za ka gani a jikin mihirabin gurbin tangaran ne da aka manna don ado.

Sai fada, mai ƙofar baka da tsakar gida da aka yi ƙasa-ƙasa, da dakali kewaye inda ake zaman fadanci. Bayanta gidajen attajirai suke. Sunayensu daga abin da aka tono a ciki aka samo su, tun aikin da mai binciken kayan tarihi James Kirkman ya fara a 1948: Gidan Almakashi, Gidan Kuɗin Sin, Gidan Dutsen Ado na Benis, Gidan Fitilar Ƙarfe. Ka sa ɗan jagora ya nuna maka abu biyu da mutane ke wucewa. Na farko makewayi, mai masai a gefe da wurin tsarki a gefe, an raba su da ɗan bango, a garin da aka yi watsi da shi tun ƙarni na 17. Na biyu ɗakin ajiya marar ƙofa, wanda ta wata kafa daga sama ake shiga, inda ake ɓoye dukiya.

In ka gama da tsakiya, bi siririyar hanya cikin daji zuwa ganuwa. Garin ganuwa biyu gare shi, ta ciki da ta waje, kuma ta wajen ta kewaye kusan eka 45. A nan ne ƙananan masallatai suke, kukoki sun tsiro a tsakiyar ɗakuna, saiwoyi sun rungume bango har ba ka sanin wanne ke riƙe da wanne. A ganina wannan ɓangaren ya fi fadar ma daɗi, kuma da wuya ka haɗu da kowa. In ka yi shiru kana iya ganin wata 'yar dabba mai dogon hanci da gindi ruwan zinariya tana tsalle cikin busassun ganye. A wannan yanki na gaɓar Kenya kaɗai ake samunta.

Ka bar ɗan gidan tarihin zuwa ƙarshe. Lokacin rana ta yi zafi kana son inuwa, kuma tangaran na Sin da sauran kayan sun fi ma'ana bayan ka ga ɗakunan da suka fito.

Gargaɗi uku na wannan mataki. Rijiyoyin suna da zurfi ƙwarai, ka riƙe hannun yaro. Birai sun saba da mutane kuma sun san ƙarar buɗe jaka; za a yi maka tayin ayaba ka ba su don hoto, ka ce a'a, domin wanda ya ba ɗaya goma ne za su hau kafaɗarsa. Kada ka hau bango ko ka ɗauki ko guntun tangaran. Wurin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2024, kuma 'yan ƙabilar Giriyama da ke kewaye suna girmama shi tun kafin nan. Makabarta ce kuma ta Musulmi, a yi mata ladabin makabarta.

6. Tsakar rana

A bakin ƙofar Gede akwai Kipepeo, shirin kiwon malam-buɗe-littafi da aka fara a 1993 don manoman da ke gefen dajin Arabuko Sokoke su samu abin shiga ba tare da sare itace ba. Minti 30 ya isa, yara kuma suna son sa.

Daga nan ka gangara Watamu ka ci abinci, ka yi azahar, ka huta har zafin ya karye. Akwai masallatai a Watamu da garin Gede. In Juma'a ce, ka tambayi lokacin huɗuba tun da safe, ka kuma sani direbanka ma yana iya son zuwa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne haɗama. Masu jiragen ruwa za su tare ka da tayin kai ka gandun ruwan Watamu, wanda aka kafa a 1968, ka ga kifaye da murjani. Wuri ne mai kyau, amma yana da nasa kuɗin shiga na hukumar kula da namun daji, kuma zai ci maka awa uku. Dajin Arabuko Sokoke ma haka, shi asuba yake so. Ka bar su wata rana.

7. Mida lokacin da ruwa ke shigowa

Mashigar gadar katako ta Mida tana kan babbar hanyar Mombasa zuwa Malindi, 'yan kilomitoci kudu da mararrabar Gede, sai a karya ta hanyar ƙasa. Wanda zai koma Mombasa a kan hanyarsa take. Ka faɗa wa direba a fili cewa gadar Mida kake nufi, saboda akwai wata gadar a Dabaso ta ɓangaren Watamu, mai gidan abincin ƙaguwa, kuma da yawa can za su nufa da kai in ka ce "mashigi" kawai.

Ka isa awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin cikar ruwa. Mutanen ƙauyen ne ke kula da wurin, kuma kuɗin shiga na taimaka wa karatun yaran yankin. Za a haɗa ka da ɗan jagora.

Gadar ta kai kimanin mita 260, a rataye take da igiyoyi a tsakanin itatuwan *mikoko*, waɗannan da ke tsiro cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Tana lilo. Ku bi ta ɗaya bayan ɗaya da tazara, hannu biyu a kan igiya, waya a aljihu. Wanda ke son hoto ya tsaya cak tukuna. Tsoho mai ciwon gwiwa ko mai jiri gara ya bi ta ƙasa in ruwa bai iso ba, ko ya jira a rumfa.

A ƙarshenta akwai rumfar kallon tsuntsaye. Zauna, ka yi shiru, ka ba ta minti 40 aƙalla. Da farko ba abin da ke faruwa. Sai ka lura wani siririn layin ruwa mai sheƙi yana rarrafowa a kan laka, ƙananan ƙaguwoyi masu hannu ɗaya ƙato suna ruga wa ramukansu, tsuntsayen kuma suna ja da baya taku-taku zuwa inda kake. Ka nemi wani fari da baƙi mai kaurin baki da dogayen ƙafafu, mai cin ƙaguwa. Saboda shi masu kallon tsuntsaye ke zuwa Mida daga nesa. Akwai zalɓe iri-iri, wani lokaci da jajayen tsuntsayen nan masu dogon wuya da ake kira *flamingo*.

In ruwa ya cika za a yi maka tayin kwalekwale zuwa cikin *mikoko* ko tsibiran da ke mashigin. Ka tambayi rigar ruwa kafin ka shiga, musamman ga yara da wanda bai iya iyo ba, ka kuma faɗi ƙarfe nawa kake son a maido ka. Gargaɗi: in ruwa ya fara janyewa yana fita da ƙarfi, kwalekwalen da ya makara kuma a laka yake zama, sai ku tako da ƙafa.

8. Dawowa

Nan kusa da tsakiyar duniya ne, rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 6:30 kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jan lokaci. Mai komawa Mombasa ya bar Mida ƙarfe 5, don ya ci mafi yawan hanyar da haske; babbar hanyar da daddare cike take da manyan motoci da babura marasa fitila. Mai kwana a Watamu ko Malindi yana iya tsayawa ya ga faɗuwar rana a kan ruwa.

In da *matatu* ka zo, ka karɓi lambar mai babur ɗin da ya shigo da kai, ku yi alkawarin lokacin da zai dawo, domin a bakin gadar ba a samun abin hawa yana jira. A bakin titi ka tsaya a hannun da motocin Mombasa ke bi, ka tuna a Kenya hagu ake tuƙi. Motocin yamma sukan zo a cike daga Malindi, don haka in biyu sun wuce ka, hau babur ka koma mararrabar Gede inda ake sauke fasinja, a can za ka fi samun kujera.